Faifan da ya koma murfin kwano

Faifai goma sha huɗu na ɗauko ranar wata Asabar, a cikin kwalin sabulu, daga hannun wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Garin Kano. Tara na garmaho ne masu gudun 78, wato zagaye 78 a minti, irin masu nauyin nan da ke fashewa kamar tangaran. Biyar kuma na roba, uku masu 33, biyu masu 45. Ya yi mini gyara da naɗin tef guda mai faɗin inci 7, ya ce wani tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne ya ba shi jingina, bai sake waiwayarsa ba. Da zan tafi ya ce, "Ɗan nan, ruwa da ɗigon sabulu kawai." Na ce to, Baba. A raina na ce tsoho bai san duniya ta ci gaba ba.

Ci gaban kuwa kwalbar sifirit ce da na saya a kemis, har da auduga.

Na zaɓi mafi kyau cikin na garmahon, mai hoton karen nan da ya kafa kunne a bakin ƙaho. Na jiƙa auduga, na bi zanen da ita. Nan take ya ɗauki sheƙi, har na kira uwargida ta zo ta ga aiki. Ta duba ta ce, "Malam, dattin ne baƙi haka?" Na ce ai dattin shekara saba'in ne. Na ƙara sifirit. A shafa ta uku auduga ta manne, na ɗaga ta da ƙyar, sai ga zanen ya shafe sumul kamar an yi wa bango yaɓe. Ashe ba datti nake cirewa ba, waƙar ce.

Abin haushin, na san dalili. Faifan 78 da shalak ake yin sa, wani ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, a cuɗa shi da garin dutse. Shi ne dai wanda kafintoci ke narkawa su shafa wa kujera ta yi ƙyalli, kuma da sifirit suke narka shi. Wato na zauna a tabarma na yi wa makaɗi aikin kafinta.

Sauran takwas ɗin na koma wa maganar Baba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi lita ɗaya, ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke, buroshi mai laushi a bi zane a kewaye, ba a ratsa shi. Ba a jiƙa takardar tsakiya, ba a kuma tsoma faifan a bar shi, don shalak ba ya son daɗewa a ruwa. A ɗauraye da tataccen ruwa, wanda masu batir ke sayarwa, amma a tabbata ba mai asid ba ne. A goge, a jingine a tsaye cikin inuwa, ya kwana.

Inuwar ce ban ji da kyau ba. Na wanke na robar, na ga rana tana ta zuba a banza, watan Afrilu ne, sai na shimfiɗa babba ɗaya a kan bonet ɗin mota na shiga sallar azahar. Roba takan fara laushi da zafi ya kai wajen digiri 60, ga ta baƙa mai shan rana, ga ƙarfe a ƙasanta. Kafin in shafa addu'a ya lanƙwashe kamar gurasar da ta kwana. In lanƙwasar kaɗan ce, akan matse faifai tsakanin gilasai biyu masu kauri, a ɗora littattafai, a manta da shi makonni. Wannan ya wuce nan. Da na ɗora shi a na'ura, hannun allura ya riƙa hawa da sauka kamar mai sukuwa, a zagaye na uku ya yi tsalle ya dira a tsakiya.

Washegari na sa ɗaya daga cikin na garmahon da suka tsira, sai ƙara kamar ana suyar ƙosai, makaɗin can ƙasa yana neman agaji. Nan ma laifina ne. Zanen 78 ya kusa ninka na faifan roba sau uku a faɗi, don haka allurarsa daban, mai kaurin baki. Siririyar takan nutse har gindin zanen ta riƙa kwasar ƙura. In kuwa a garmaho na asali za a sa, allurar ƙarfe ɗaya gefe ɗaya take yi, minti uku, a jefar.

Saura tef. Shi na bi shi a hankali, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na fara shinshina shi: in ya yi warin tsami, ko haske na ratsa naɗin idan an ɗaga shi, tsohon samfuri ne da ba a kai shi kusa da zafi. Wannan ba ya wari, amma da na gwada sai ya yi ƙugi, ya bar danƙo ruwan ƙasa a kan na'urar. Ciwon tef ɗin shekarun 1970 da 1980 ke nan, gam ɗin da ke riƙe maganaɗisun ya sha laima. Maganinsa gashi, amma ba a murhu ba: digiri 50 zuwa 54, kamar awa takwas, a na'urar busar da 'ya'yan itace, sannan ya huce kwana guda. Danƙon da ya bari kuwa da auduga da sifirit ake goge shi. Sai a ranar kwalbar ta sami aikinta.

Na haɗa da kwamfuta, na kunna. Wata murya ta fito mai kauri, tana jan magana kamar aljani ya tashi daga barci, har yara suka watse. Na duba, ashe na bar gudun a inci 3¾ a sakan, tef ɗin kuwa a 7½ aka ɗauke shi. Na murɗa. Na gyara zama ina jiran jawabin wani babban mutum, ko labaran wata babbar rana. Sai mai sanarwa ya yi sallama cikin natsuwa, ya shiga cigiyar wata jaka mai ɗingishi, da alkawarin tukwici ga wanda ya gan ta. Minti talatin, daga cigiya sai gaishe-gaishe. Na saurare shi sau huɗu, kuma har yau ban ji Hausar da ta kai ta mutumin nan daɗi ba.

Da daddare aka kawo tuwo. Na kai hannu zan buɗe, na ji murfin baƙi ne mai santsi.

"Wannan fa?"

"Ba kai ka ce faifai ba ne, Malam?"

Na ce tururi zai lalata shi. Ta ce me ya rage. Ta kuma nuna mini 'yar hudar tsakiya, ta ce na kaba ma ba su da wannan, tuwo ba ya gumi. Ta tambaya ko sauran huɗun ma za su sha rana, don tana da kwanuka.