Ku gyara rediyonku na intanet, ku bar ɗora ma netwok laifi

Wallahi abin ga ya ishe ni. Gidan rediyo guda a cikin Sakkwato, kullum mai gabatarwa shina cika baki wai "kuna iya saurarenmu ko'ina a duniya ta intanet", amma ka shiga shafin ka danna sai abin ya yi ta juyawa ya yi ta juyawa har wayarka ta ɗau zafi, ko tari ba ka ji. Ka yi magana su ce netwok ɗinka ne. Wane netwok? Wayar da ta gama nuna min bidiyo a YouTube yanzu-yanzu ba ta tsaya ba, ita ce za ta kasa ɗauko murya zalla?

Mu na cikin gari da sauƙi, ka murɗa FM ko a ƴar rediyon mai shayi ka ji. Amma yayana da ke Legas da ƴan uwanmu na Ƙwanni da na Makka fa, da wanga intanet ɗin kaɗai sunka dogara su ji sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da tafsiri in azumi ya kama, kuma ni ake kira cikin dare, ƙanena duba muna mi ya faru, kamar ni ne injiniyan gidan.

To na duba. Na kwafi link ɗin sautin na sa shi a VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, nan take murya ta fito tar, kun ga ke nan ba netwok ba ne. Shafinku https ne, wato mai tsaro, amma link ɗin sautin da kunka liƙa a ciki http ne marar tsaro, kuma tun 2020 Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ya daina yarda da irin wanga haɗin, in bai samu na https ba toshewa yake yi. Wancan tsohon shafin naku da har yau Google ke kai mutane ma Flash yake nema, wata tsohuwar manhajar kunna sauti da bidiyo da kamfanin Adobe ya rufe tun ƙarshen 2020. Haba jama'a!

Sannan wa ya ba ku shawarar ku sa sautin a tsarin Ogg shi kaɗai? Tsofaffin iPhone ba su buɗe shi a Safari, manhajarsu ta shiga intanet, ƙaramar itel kuwa sai ta sauke wani fayil .pls ta aje, dattijo ya yi ta dannawa bai san mi zai yi da shi ba, ƙarshe ya ɗauka wayarshi ce ta lalace ya kai ma mai gyara ya biya kuɗi a banza. MP3 babu wayar da ba ta san shi ba, mi ya hana ku sa?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne data. Kun kafe a tura sauti mai nauyin 128kbps, wato wajen 57MB duk awa guda, alhali magana ce kawai malam ke yi ba kiɗa ba. A 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda anka ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, talaka na lissafin kowane MB, ku ko a jikinku. Tsarin sauti na AAC+ a 32kbps wajen 14MB ne a awa kuma murya na fita ras, ko netwok ya yi rauni a ƙauye bai cika yankewa ba. Icecast, manhajar da ake watsa rediyo da ita a intanet, na ɗaukar layin sauti biyu uku lokaci guda, ku buɗe mai nauyi ga mai Wi-Fi, mai sauƙi ga sauranmu, ba aikin wata guda ba ne wannan.

Kuma don Allah in anka ɗauke wuta janareto ya tashi a samu mai sake kunna kwamfutar da ke tura sautin, don FM na dawowa amma intanet ya kwana a mace ba wanda ya lura. Kuɗin talla da na sanarwa dai ba ku taɓa mantawa ku amsa ba, har da na mutanen da kunka ce ma za a ji su a ƙasar waje.