Mutane gida suka tafi, Alhaji

Wallahi na so in yi shiru a kan bidiyon Alhajin nan na Gwanzu (Guangzhou, birnin kasuwancin nan na ƙasar Sin), amma abin da nake karantawa a ƙarƙashinsa ya fi ƙarfin shiru. Mutum ya tsaya gaban shago a garƙame yana kumfar baki, wai an ci amanarsa, wai kayan Sallarsa sun maƙale saboda "wani bikin banza", wato bikin sabuwar shekarar Sinawa, ku kuma kun yi layi kuna taya shi. Har wani ya rubuta wai ragwaye ne. Ragwaye! Sinawa! Mutanen da suka haɗa wayar da ka rubuta "ragwaye" da ita, da cajarta, da silifas ɗin ƙafarka, da bokitin da ka yi wanka da shi yau da safe. Sannu da aiki, jarumin maza.

Babu wanda ya ci amanar kowa. Mutane gida suka tafi. Iyakar maganar ke nan, kuma zan yi ta maimaita ta har ta shiga.

Ranar sabuwar shekarar nan tasu fa ba a ɓoye take ba. Da lissafin wata suke tsayar da ita, kuma ba ta taɓa fita daga tsakanin 21 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. A 2024 ta faɗo 10 ga Fabrairu, a 2025 ta zo 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu, daf da shiga azumi. Yaron shago a Kantin Kwari da bai taɓa hawa jirgi ba ya san cewa oda idan ba ta shiga da wuri ba, to sai bayan biki. Tun Disamba masu kamfani suke turo saƙo cewa ga ranar da za mu rufe, wanda zai biya ya biya. Ranka ya daɗe, kai ne ka yi ta jan kuɗin kana jiran dala ta sauko. Dala ba ta sauko ba, mutane suka tafi gida, sai laifin ya koma kan al'adarsu?

Wani zai ce ai hutun gwamnati kwana 8 ne ko 9, me ya kawo rufe kamfani kusan wata guda? To, Malam, ka san waye yake ɗinka maka jakar nan? Ba ɗan Gwanzu ba ne. Ɗan ci-rani ne daga wani ƙauye a lardin Sichuan ko Hunan ko Guangxi ko Guizhou. Irinsa a ƙasar sun kusa miliyan 300. Kuma akwai tsarin rajistar mazauni da suke da shi, hukou, wanda ya sa da yawansu ba sa iya samar wa 'ya'yansu makarantar gwamnati cikin sauƙi a birnin da suke aiki. Sai su bar yaran a ƙauye wurin kakanni. Mace ta yaye ɗanta ta miƙa wa uwar mijinta, ta hau jirgin ƙasa, ta zauna kan keken ɗinki wata goma sha ɗaya. Sau ɗaya a shekara za ta ga yaron nan ido da ido. Sau ɗaya. Shi ne kake so ta fasa saboda kwantenarka ta leshi ba ta cika ba.

Kuma tafiyar ba wasa ba ce. Kwana 40 hukuma take warewa don zirga-zirgar bikin kaɗai, 15 kafin ranar, 25 bayanta. A 2025 sun ƙirga tafiye-tafiye kimanin biliyan 9 a cikin kwanakin nan, idan aka haɗa da masu tuƙa motarsu. Wanda bai samu tikitin zama ba ya sayi na tsayuwa, ya yi dare da yini a kan jakarsa a bakin ƙofar tarago. Shekaru ana ganin ayarin leburori a kan babura suna fita daga Guangdong, lardin da Gwanzu take, zuwa Guangxi cikin sanyi, miji a gaba, mata a baya, kaya ɗaure har sun fi su tsawo, an naɗe ƙafafu da leda saboda iska. A 2008 dusar ƙanƙara ta tsayar da jirage, dubban ɗaruruwan mutane suka maƙale a tashar jirgin ƙasa ta Gwanzu, wannan Gwanzun da Alhaji yake tsaye yana faɗa, kwana da kwanaki cikin ruwa da sanyi. Sai da firaministan lokacin, Wen Jiabao, ya bi tashoshi da lasifika a hannu yana ba mutane haƙuri. Aka roƙe su su haƙura su yi bikin a inda suke. Da yawa suka ƙi motsawa. Me suke nema? Gida.

To idan sun isa gidan me suke yi? Wannan ne ɓangaren da masu zagi ba su taɓa tambaya ba. Kafin ranar, ana share gida tas, a kaɗe yana, a wanke tagogi, a fitar da tarkacen shekara. Ana manna jajayen takardu masu rubutun fatan alheri a gefe biyu na ƙofa da samanta. A yi aski, a sayi sababbin kaya. A ranar farko kuma ba a taɓa tsintsiya, wai kada a share arziki waje. Sannan, ku saurara da kyau, al'adarsu ce mutum ya biya bashin da ake binsa kafin sabuwar shekara ta kama. Abin kunya ne ka tsallaka da kuɗin wani a wuyanka. Duk ƙarshen shekara maganar albashin leburori da aka riƙe takan zama babban zance a ƙasar, har a 2020 wata doka ta musamman ta fara aiki a kan biyan 'yan ci-rani haƙƙinsu. Ban ce duk suna bi ba, akwai 'yan damfara a cikinsu, na sani kun sani. Amma ina ma a ce mu ma muna da wata rana ɗaya a shekara da mai cin bashi zai ji kunya. Da wasu masu sharhin nan ba su fito Facebook ba ranar.

Zuciyar bikin duka ita ce cin abincin daren jajibiri. Wata mai shagon mayafai da nake sayen kaya a wurinta ta taɓa kirana ta bidiyo a daren, don kawai in ga gidansu. Matar da na sani da kalkuleta a hannu, mai tsawa idan ka taya kaya da arha, sai ga ta sanye da tsohuwar rigar sanyi, gari har gwiwar hannu. Mahaifiyarta na murza kwaɓin fulawa da ɗan guntun muciya, tana fitar da faifai ƙanana, sauran 'yan gida sun kewaye tebur suna cusa nama da kabeji suna matse bakin da yatsu. Jiaozi suke ce masa, abincin mutanen arewacinsu ne a daren, 'yan kudu kuma sun fi yin wainar shinkafa mai danƙo. (Galibi naman alade ne a ciki, kada wani ya je ya ce ni na ce ya ci.) Tsohon yana gefe yana gyara wa jikarsa hannu, don nata duk a buɗe suke fitowa. Talabijin na ta yi, shirin daren bikin nan da gidan talabijin na ƙasa yake yi tun 1983, babu ma mai kallo sosai. Ga kifi guda cur a faranti, kuma ba a cinye shi, ana rage saura ya kwana don yalwa ta tsallaka zuwa sabuwar shekara. A gefe akwai kwano da sandunan cin abinci da aka ajiye ba kowa a gabansu. Na ƙaninta ne da bai samu zuwa ba. Haka gidaje da yawa suke yi, wanda bai zo ba ana ajiye masa wurinsa.

Wallahi jikina ya yi sanyi a daren nan.

Ba sa kwanciya da wuri, ana zaune har shekara ta juya, sai garin ya kaure da ƙarar wasan wuta, a inda hukuma ba ta hana ba. Da safe yara su gaida manya, a wasu ƙauyuka har da durƙusawa goshi a ƙasa, manya su miƙa musu jan ambulan da sababbin kuɗi a ciki. Wanda ya fara aiki kuma shi ne zai miƙa wa iyayensa. Rana ta biyu ta matan aure ce, kowace ta ɗauki miji da 'ya'ya da tsaraba a tafi gidan iyayenta. Haka za a yi ta bin dangi gida gida har rana ta 15, ranar fitilu, wadda ita ce rufe biki. Shi ya sa lebura da yawa ba ya waiwayar kamfani sai bayan ranar, wani ma ba zai koma tsohon wurin ba sam. Mai kamfanin da Alhaji yake zagi shi ma jiran ma'aikatan yake.

Na san abin da za ku ce, don an riga an faɗa sau ɗari: ai bikin shirka ne, suna kunna wa kakanni turare, suna ajiye musu abinci, suna da wani abin bauta na madafa da suke ba wa alewa don ya kai rahoto mai daɗi sama. E, suna yi. Wa ya ce ka yi? Ni ma ban yarda da ko ɗaya a ciki ba, kuma ba wanda ya gayyace ka. Addininsu daban, naka daban, magana ta ƙare tun a Makka. Amma lokacin da kake ƙirga ribar atamfarsu ba ka tuna da turaren ba, sai yau da suka kulle shago. Kada ka ɓoye haushin kwantena a bayan rawani. Mutane gida suka tafi su gaida iyayensu, kuma kai ne kake da addinin da ya fi kowane tsananta maganar iyaye da zumunci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe ne bai gane wannan ba. Mu da jajibirin Sallah Legas take zubar da 'yan Arewa, a cika tirela har saman kaya. Mu da ɗan ci-rani yake ajiye baro ko akwatin gyaran takalmi da zarar ruwan farko ya sauka, ya nufi gona, ko nawa za ka ba shi. Je ka Kwari ranar Sallah ka ce a buɗe maka shago don wani baƙo ya zo daga nesa, ka ji amsar da za a ba ka. Idan mu muka yi, sunansa Sallah. Idan su suka yi, sunansa lalaci. Haba jama'a.

Kuma bari in faɗi wadda za ta yi zafi. A cikin masu dariyar nan akwai wanda yake Abuja, ƙauyensu bai fi tafiyar awa biyar ba, rabonsa da gaban mahaifiyarsa an yi Sallah huɗu. Sai dai ya tura dubu ashirin ta waya ya ce hanya ba kyau. Na yarda hanya ba kyau, Allah Ya kawo mana sauƙin ta, ba na wasa da wannan. Amma hanyar Kaduna zuwa Kano ba ta hana ka zuwa ɗaurin auren ɗan maigidanka ba. Su Sinawan nan, an kulle birnin Wuhan saboda annobar korona ranar 23 ga Janairun 2020, saura kwana biyu bikinsu, daga nan mutane da yawa suka yi shekara uku ba su ci abincin daren nan da iyayensu ba. Wasu da aka buɗe hanya a 2023 sun koma sun tarar da tsohon ba ya nan. Wanda ya ɗanɗani wannan, kana ganin odar mayafi dozin ɗari biyu za ta riƙe shi?

A Disambar 2024 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin a jerin al'adun da duniya take tattalinsu. Ba don wannan nake kare shi ba, ko ba su sa ba mutanen nan za su hau jirgi. Na dai faɗa ne don masu cewa "bikin banza" su san sun makara.

Af, kafin in manta, kada ku ɗauka kowa da murna yake tafiya. Samari da 'yan matansu da yawa fargabar komawa suke, saboda gwaggwanni. Kana ajiye jaka za a fara: nawa ne albashinka, ka sayi gida, yaushe za ka kawo mana ita, ɗan wance da kuka yi makaranta tare har ya haifi na biyu. Abin ya kai wasu suna hayar saurayi ko budurwa na ƙarya ta intanet, a biya shi kuɗin kwana, ya zo ya zauna a tebur ya ci kifi ya yi ta murmushi. Ni dai roƙona kada wannan sana'ar ta iso Kano, don na san gidajen da za a fara kai oda. Ke kuma Gwaggo, na san ana karanta miki abin da nake rubutawa. Maganar da kika aiko Yaya da ita na ji, kuma amsar tana nan yadda take tun bara.