A ba masu sanyin ƙashi dama su koya ma ɗalibanmu na asibiti

Salamu alaikum 'yan uwa Sakkwatawa, musamman ku da ke harkar asibiti da malamanmu masu koyar da likitoci da nas-nas. Akwai abin da nike gani nan Ingila inda nike aikin jinya, ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya don na tabbata za mu iya shi gida ba sai an kashe wasu miliyoyi ba. Nan masu fama da amosanin gaɓɓai, wato sanyin ƙashi, su da ƙafarsu suke zuwa jami'a su rubuta suna su ce sun yarda su koya ma ɗalibai. Ba wai a kwantar da su bisa gado ana nuna su ba fa, su ke riƙe da ajin ranar, malami yana gefe.

Abin ya daɗe. Tun 1963 wani likitan jijiyoyi a Amurka mai suna Howard Barrows ya fara horar da lafiyayyun mutane su riƙa kwaikwayon marasa lafiya don ɗalibai su gwada hannu, to amma kumburarriyar gaɓa ba ta kwaikwayuwa, sai mai ita. Shi ya sa farkon shekarun 1990 wata jami'a a Dallas ta jihar Texas ta ɗauko masu ciwon na gaskiya ta koya masu sunayen gaɓɓai da yadda ake duba su, sannan su kuma sunka shiga koya ma ɗaliban likita, daga nan tsarin ya bazu har Kanada da Turai da Ostireliya. Nan Birtaniya ƙa'idojin da hukumar nas-nas da ungozoma ta fitar a 2018 sun wajabta ma makarantu su sa marasa lafiya da masu jinyarsu cikin tsara karatun da koyar da shi.

Na taɓa zama irin wanga aji. Wata dattijuwar baturiya ce, yatsunta duk sun karkace sun nufi wajen ƙaramin yatsa. Wani ɗalibi ya kama hannunta ya matse gaɓɓan gaba ɗaya, ta ce mashi dakata yaro, ta ɗora hannunta bisa nashi ta nuna mashi yadda zai sa manyan yatsunshi biyu ya danna gaɓa ɗaya a hankali yana kallon fuskarta ba hannun ba. Ta ce ka ji wannan laushin? Shi ne kumburi mai rai, taɓa shi kamar ka taɓa ƙullin da ya tashi. Sai ta kai yatsanshi wani wuri mai tauri ta ce wannan ƙashi ne ya riga ya lalace, ba abin da magani zai mayar. Daga nan ta zazzage jakarta, kwalba da makulli da riga mai maɓalli, ta ce su tsaya su ga yadda take fama da kowane. Wallahi ajin ya yi tsit. Ita ce ta tambaye su minti nawa jikin mutum ke yi a sandare da safe, ta bayyana masu cewa in na zaizayewar gaɓa ne irin na girma yawanci bai kai rabin awa ba ya sake, in kuwa irin nata ne wanda garkuwar jiki ke cin gaɓɓai sai ya kai awa ko ya wuce, kuma yakan kama hannu biyu lokaci guda. Ta ɗaga ƙwayar methotrexate, maganin da take sha don wanga ciwo nata, ta ce sau ɗaya ake shan ta a sati, duk wanda ya rubuta ma mutum kullum zai iya kashe shi. Ban jin akwai ɗalibin da zai manta wannan.

To mu gida fa? Mu ma marasa lafiyarmu suna ba da jikinsu don a koyi aiki, kullum ma kuwa, ba wanda ya zama likita bai taɓa jikin talaka ba. Amma shiru suke bayarwa. Ɗalibai sun kewaye gado, babban likita yana bayani da turanci, Inna tana kwance tana raba ido ba ta san mi ake faɗi ba. A ce Inna ina ke ciwo, ta nuna gwiwa. A ce ya jikin, ta ce da sauƙi alhamdulillahi, alhali daren jiya ba ta runtsa ba, don mu kawaici anka raine mu da shi, kuma ba a yi ma likita dogon surutu. Ba laifin kowa nike gani ba, nan ma can baya haka ake yi. Sai dai ɗalibi ya tashi ya ga gwiwa bai ji komai game da rayuwar mai gwiwar ba.

Ina da goggo a Mabera, gwiwa ta hana ta sakat. Abin da ya fi yi mata ciwo ba zogin ba ne, ranar da ta fara salla bisa kujera ne, kuka ta yi sosai, tana cewa ita da ta saba kai goshinta ƙasa. Zaman tahiya ya gagara, tsuguno a bayi ya zama tashin hankali, tuƙa tuwo sai dai jikoki, hawa kabu-kabu kuwa sai an kama ta, in hunturu ya shigo abin sai addu'a. Kafin ta kai ga asibiti ba inda ba a je ba, an yi ƙaho, an yi sakiya har yau tabon na nan, an sha jiƙe-jiƙe, sannan ga ƙullin ƙwayoyin kemis da take aiken yara kullum, fari da ja da ruwan ɗorawa a leda ɗaya ba suna ba komai. Irin waɗanga haɗe-haɗen sau da yawa akwai diclofenac ko piroxicam ciki, masu cin ciki su jawo olsa su taɓa ƙoda, wani lokaci har da prednisolone ko dexamethasone da ke kumbura fuska su tada suga da hawan jini su ƙara ma ƙashi rauni. Duk wannan ba ta faɗa ma likita ba, ba a tambaye ta ba, ita kuma tana tsoron faɗa. Da za a zaunar da ita gaban ɗalibai a ce Hajiya yau ke ce malama, ki ba mu labari, na san ta, sai ta ce ɗiyana ku matso, ta kwashe komai ta gaya masu. Wannan karatun baturiyar nan ba ta da shi, ba ta san sakiya ba, ba ta san zaman tahiya ba. Namu kaɗai ke iya koyar da shi.

Kuma ciwon ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke da na zaizayewar gaɓa, gwiwa ce kan gaba, miliyan 18 kuma ke da wancan na garkuwar jiki, kusan kashi 70 cikin 100 nasu mata ne. Likitocin da sunka ƙware a fannin nan ƙalilan ne a Najeriya, don haka wanda zai fara ganin matar Wurno ko Illela mai kumburin yatsu ba ƙwararre ba ne, ma'aikacin ɗakin shan magani ne na ƙauye, irin waɗanda ake yayewa a kwalejin fasahar lafiya ta Gwadabawa. In ya taɓa jin wancan laushin da yatsanshi sau ɗaya yana makaranta zai tura ta asibiti da wuri, kuma wanga ciwo watannin farko su ne komai, in gaɓa ta karkace an makara.

Na san za a ce mutanenmu ba za su yarda ba, akwai kunya. To ku duba asibitin Noma, wato ciwon nan da ke cin baki da fuskar yara, da ke nan cikin Sakkwato tun 1999. Wata mata mai suna Mulikat Okanlawon ciwon noma ya ci mata fuska tana ƙarama, nan anka yi mata aiki, nan ta zama ma'aikaciya, tana cikin waɗanda sunka kafa ƙungiyar Elysium ta waɗanda sunka tsira daga noma, ta yi ta magana gaban duniya har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da anka daɗe ana watsi da su, don a ba su kulawa, a Disamban 2023. Daga garinmu anka yi wannan. Balle mu da mun san ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa, ka gaya ma dattijo haka ka ga ko zai ƙi.

Ba cewa nike su maye gurbin likita ba. Binciken da anka yi a ƙasashen nan ma bai zo baki ɗaya ba, wasu sun samu ɗaliban da majinyata sunka koya mawa sun yi daidai da na likitoci a jarrabawa, wani kuma ya samu na likitocin sun ɗara. Kowa da nashi fannin, a haɗa su.

Inda dole mu bambanta da turawa shi ne maganar sa-kai. Baturiyar nan tana da fansho, tana da katin shiga bas kyauta, kuma duk da haka ana biya mata kuɗin mota, wasu makarantun har da ɗan ihsani. Tamu kuwa in ta zo aji ranar ba ta dama furar saidawa ba, ba ta soya ƙosai ba, don haka kar a fake da lada a ci guminta, a ba ta kuɗin mota da na cefanen ranar. Muna da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Gawon Nama, ga asibitin ƙwararru, ga na ƙashi a Wamakko, ga kwalejin nas, ko'ina akwai masu zuwa ganin likita shekara da shekaru da sun san ciwonsu ciki da bai, malami ɗaya mai himma ya isa ya zaɓo kaɗan daga ciki ya fara. A yi ajin da Hausa, ɗalibai kaɗan-kaɗan ba taro ba, macen da ta fi son ɗalibai mata a bar ta da mata, in akwai buƙatar a nemi izinin maigida a je a nema da mutunci. A gaya masu tun farko duk sadda sunka ce ya isa to ya isa, kuma ƙin zuwa ba zai shafi maganinsu ba. A tanadi kujera mai tsawo mai hannu, ba benci ko tabarma ba, kuma don Allah kar a sa ajin ƙarfe takwas na safe, lokacin jikinsu bai sake ba, a bari sai hantsi ya ɗaga ko bayan azahar.