Kwalbar da aka rubuta mata "ba don mutum ba"

Ƙannena, wani yaron unguwarmu a Tudun Wada ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan sallar isha'i ya tare ni a ƙofar masallaci, ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, don Allah duba mini wannan." Hoton 'yar kwalba ce da farin gari a ciki, wai a narkar da ruwa, a ja da sirinji, mutum ya tsira wa kansa a fatar ciki. Mai tallar a Instagram ya ce tana kawo barci mai nauyi, tana kuma jinkirta tsufa. Yaron ya kwashe wata biyu ba ya barcin kirki, har ya fara tara kuɗin oda. Na buɗe hoton sosai. A gindin kwalbar, da ƙananan haruffan Turanci, an rubuta cewa don bincike ne kawai, ba don amfanin ɗan Adam ba. Hankalina ya tashi.

Sunan abin feftayid, wato gajeriyar sarƙa ta amino asid, tubalan da jiki ke gina furotin da su. Shi kansa feftayid ba abin tsoro ba ne. Insulin da iyayenmu masu ciwon suga ke amfani da shi daga wannan dangi yake, a 1921 aka gano shi a Toronto, kuma tun 1922 yake ceton rayuka. Amma shi an gwada shi, an san adadinsa, an san illarsa. Waɗanda ake tallatawa yanzu fa?

Na barcin ana ce masa DSIP. Masana a birnin Basel na Suwizalan ne suka fara fitar da shi daga jinin zomaye a shekarun 1970. Shekara hamsin ke nan, gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane 'yan kaɗan ne, sakamakonsu kuma bai tsaya a magana ɗaya ba. Na tsufan, Epitalon, daga San Fitasbag na Rasha ya fito, kuma yawancin abin da aka rubuta na yabonsa daga hannun Vladimir Khavinson ne da abokan aikinsa, wato su suka ƙirƙira, su suka yaba. Akwai BPC-157 da 'yan ɗaga ƙarfe ke so, wanda kusan duk shaidarsa a jikin ɓeraye take, hukumar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ma ta haramta shi tun 2022. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta saka waɗannan ukun a jerin abubuwan da ta ce suna iya zama haɗari ga lafiya.

Wannan rubutun na gindin kwalba shi ne ya fi ci mini rai. Mai sayarwa ya wanke hannunsa tun kafin ka biya. Da bakinsa yana ce maka magani ne, a rubuce kuma yana cewa shi bai ce ka tsira ba. In ƙodarka ta taɓu ko wurin allurar ya ruɓe, wa za ka kama? Babu lambar NAFDAC, babu wanda ya tabbatar cewa abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta, ko cewa babu ƙwayar cuta a ciki. Kuma da zarar an narkar da shi sanyi yake so, a garin da wuta kan ɗauke a kwana a wuni firiji na zufa. Mu a ƙasar nan mun riga mun ɗanɗana: a 2008 maganin haƙoran yara na My Pikin ya yi ajalin yara fiye da 80 saboda guba da ta shiga haɗinsa. Wancan ma sha ake yi. Wannan kai tsaye ƙarƙashin fata za ka tura.

Game da tsufa kuwa, Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani, ya ce Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, in ban da guda ɗaya, tsufa. Duk wanda ya ce maka yana da shi a kwalba, ka san da wa kake ciniki.

Ban raina rashin barci ba, wallahi. Na san yadda dare ke tsawo ga wanda ido ya ƙi rufuwa, kana jin kiran assalatu kai ko gyangyaɗi ba ka yi ba. Sai dai rashin barci yawanci saƙo ne, akwai abin da ya kawo shi. Da na zauna da yaron nan na tambaye shi yadda yake wuni, sai ga lemon ƙara kuzari gwangwani biyu bayan la'asar, ga shayin majalisa har sha ɗaya, ga waya a hannu har biyun dare. Sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikin shayi da goro da lemon nan, rabinsa na nan a jini bayan kusan awa 5. Can ƙasan zancen kuma ya faɗi na gaskiya: shekara biyu ke nan da ya gama bautar ƙasa babu aiki, ga bashi, ga maganar aure ta tsaya. Wace allura ce za ta biya masa bashi?

Wani kuma abin da ke hana shi barci minshari ne mai yanke numfashi cikin dare, wanda ke tafe da hawan jini. Wani ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. A nan Kaduna muna da asibitin koyarwa na Barau Dikko, muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, don Allah mu cire wannan daga ranmu.

Na roƙi yaron ya ajiye kuɗinsa, ya bar lemon da shayin dare na sati biyu, ya riƙa barin wayar a falo in zai kwanta. Na ce masa in har bayan nan barcin bai dawo ba, ranar Litinin ɗin da ta biyo ni da kaina zan raka shi mu yanki kati.