Ranar da rumfata ta durƙusa a gaban surukina

Tun Asabar nake jin ana ta sauya labarin nan a majalisar ataya ta Aboabo a nan Kumasi, har wani ya ce wai daga kan kwakwa na faɗo. To bari ku ji daga bakin mai shi, tunda abin da ake ɓoyewa ya riga ya sha iska.

Kun san gonar, gaba da Agona kafin a kai Jamasi, a hanyar Mampong. Kun kuma san yadda ake samun ƙasa a wajen Tonawa, wato Asante: ba a sayar maka kacokan, ta kujerar sarauta ce, ka kai wa odikro, wato dagacinsu, kuɗin sha a rubuta maka hayar shekaru. Niyyata rumfar dirkoki ce, ƙafa 40 a tsawo, 20 a faɗi, rabi na ragunan Babbar Salla, rabi na masara. Kafintan layinmu ya faɗi kuɗin aikinsa, na ce masa ai ba masallacin Juma'a zan gina ba. Kwana uku na yi ina kallon mutanen Amurka a YouTube suna kafa irinta, na wayi gari injiniya.

Na sayi dirkokin tik guda 10 masu ƙafa 14, itacen da ake turakun lantarki da shi. Na karɓo jarka biyu ta baƙin mai a Suame Magazine, unguwar makanikai, don shafe gindinsu saboda gara. Katakon sama kuwa Sokoban na je, inda aka mayar da masu katakon Anloga, na tambayi mafi araha. Suka ce wawa. Sunan itacen ke nan, fari ne, marar nauyi, farce ma yana shigarsa. Kawu da ya raka ni ya ce, “Ɗana, yau wawa ya sayi ɗan'uwansa.” Na yi kamar ban ji ba.

A batun awo dai ba mai raina ni, a rubuta wannan. Na sa yara uku suka share fili da adda, muka tumɓuke kututture, na kafa turaku na ja igiya. Kowace kusurwa na auna ƙafa 3 ta nan, 4 ta can, tsakaninsu ya ba da 5 cif. Na ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, ƙafa 44 da inci 9 saura ƙiris, ɗaya ɓangaren ma haka. Ramuka 10, biyar kowane gefe, tazarar ƙafa 10, zurfin ƙafa 3, da dagi aka haƙa su.

Duk wannan aiki a gaban Opanyin aka yi shi, tsohon da gonar kokonsa ke iyaka da tawa. Mutumin nan kullum yana kan kututture ɗaya, addarsa a cinya, yana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Na nuna masa inda zan kafa rumfa, na ce ga shi shimfiɗaɗɗe ba sai an baje ba. Ya ce, “Yoo,” wato “to” da yarensu na Twi. Na yi masa bayanin 3, 4, 5 da Twi ɗina na haifaffen Kumasi. Ya ce, “Yoo, Kramo,” sunan da suke kiran Musulmi ke nan. Ya ga ina mayar da baƙar ƙasar sama cikin ramuka ina taka ta da silifa, ba tsakuwa, ba marmara, ba daɓe, wai siminti sai an gama a zuba. Ya tauna gyaɗarsa ya ce, “Yoo.” Sai daga baya da abin ya faru yake gaya wa Kawu cewa wurin nan kwari ne, duk damina ruwan tudu nan yake kwana, mahaifinsa ma gwaza kawai yake shukawa a ciki. Kawu ya ce to don me bai faɗa ba? Wai ban tambaye shi ba. Mutumin da sau biyu ina kawo masa koko da ƙosai tun daga Kumasi, a cikin fulas, da zafinsu! Kuma fulas ɗin ma har yau bai dawo ba.

Ranar Alhamis muka tsayar da dirkoki. Daren Juma'a aka kwana ana ruwa, irin na watan Yuni. Asabar na gayyato surukina Baba Alhaji ya zo ya sa albarka, uwar gida ta dafo waakye, shinkafa da waken nan, kula guda, Kawu ya zo ba a gayyace shi ba.

Mun ɗora katakon da ke haɗa dirkoki, mun jera na jinka, saura ɗaya. Wani yaro cikin masu aikin ya ce, “Yaya, ba za a sa tokara ba?” Yana nufin katakon da ake gicciyewa daga dirka zuwa na sama don kada ginin ya karkata. Na ce masa tik ne wannan, ba karan dawa ba. Na hau tsani, na zauna a kan katakon tsakiya kamar mai hawan daba, guduma a hannu, ƙusoshi a baki. Na cire ƙusoshin na ce, “Baba, ku duba, ko giwa aka ɗaure a nan sai dai ta haƙura.” Don in tabbatar, na girgiza jikina.

Da farko na ɗauka gajimare ne ke tafiya. Sai na ga itatuwan koko su ma suna tafiya. Rumfar ba faɗuwa ta yi ba, da faɗuwa ce da an gama da wuri. Durƙusawa ta shiga yi a hankali kamar raƙumin da za a sauke wa kaya, dirkoki 10 duka sun sunkuya gabas tare, ramuka suna cewa “cakwal, cakwal”, katakon wawa yana kuka ƙusoshi na zarewa ɗaya bayan ɗaya. Tsani ya tafi abinsa. Na rungume katako hannu da ƙafa. Na fara Ayatul Kursiyyu, wallahi ban san inda na ratse ba, sai ji na yi ina addu'ar shiga kasuwa. Na samu lokacin ganin uwar gida ta rufe kular waakye kada ƙasa ta shiga. Kular ta fara rufewa, jama'a, sannan ta yi salati.

Bishiyar lemon Opanyin ce ta tare mu. Ginin ya tsaya a karkace, ni kuma na sulale ƙasa ta kan katakon, sai wata ƙusa mai inci 4, wadda ni da hannuna na buga ta a karkace na ce ba komai, ta kama ƙugun wandona ta baya. Na rataye. Ƙafafuna ba su kai ƙasa ba, hannuna bai kai ƙusar ba, ina lilo ina juyawa, in fuskanci Baba Alhaji, in ba shi baya, in sake fuskantarsa. Ban san wanne ya fi muni ba. A juyi na uku mazagi ya tsinke. Ni na sauko, wando ya zauna a sama yana kaɗawa kamar tuta, kuma ban sauka ko'ina ba sai cikin bahon baƙin man da muka shafe dirkoki da shi, a zaune.

Shekara 11 ina auren 'yar mutumin nan, ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Bawan Allah ya juya ya ƙura wa gonar rogo ido kamar yau ya fara ganin rogo, ya tambayi iska, “Nawa buhun masara yake a Ejura yanzu?” Ba wanda ya amsa. Kawu ya kasa tsayuwa, yana dafe da turke yana cewa, “To kai dai gara ba za ta ci ka ba bana.” Daga kan kututture kuma na ji an ce, “Yoo.”

Da zanen uwar gida na dawo Kumasi, a kan buhun siminti da aka shimfiɗa min don kada in ɓata kujerar mota. Baba Alhaji yana gaba, bai waiwayo ba har Tafo. Da zai sauka ya ce, “Malam, Allah ya sa albarka a aikin.” Na ce amin, me zan ce?

Kafinta ya je jiya ya gani. Ya ce dirkokin lafiyarsu ƙalau, sai dai a matsar da su tudu, a daɓe ramuka da marmara, a sa tokara, a canza katako. Kuɗinsa ya ƙaru a kan na farko. Ya ce Opanyin na gaishe ni, kuma yana tambayar wa zai biya reshen lemonsa. Wandon yana can har yanzu, wai tsuntsaye sun daina zuwa wajen.