Ana Ta Zancen Cinikin Lafarge, Ba Mai Zancen Ramuka

Tun da kamfanin Holcim ya sanar a ƙarshen 2024 cewa zai sayar da kasonsa na kamfanin siminti na Lafarge Africa ga kamfanin Huaxin na ƙasar Sin, muhawarar ba ta wuce abu biyu ba: wa zai mallaki kamfanin, kuma nawa buhun siminti zai koma. Masana'antar simintin Ashaka ta jihar Gombe na cikin cinikin. Na saurari masu sharhi har kunnena ya gaji, ban ji wanda ya tambayi makomar ramukan da ake fasa dutse a ciki ba, ranar da dutsen ya ƙare injina suka tashi.

Abin da ya sa shirun ya tsaya mini a rai shi ne wani wuri da na ziyarta a Mombasa ta ƙasar Kenya, ana kiransa Haller Park. Tsohuwar mahaƙar kamfanin siminti na Bamburi ce. Da ba a faɗa mini ba, da na rantse daji ne tun fil azal. Ga inuwa mai sanyi, ga raƙuman dawa suna karɓar abinci daga hannun 'yan makaranta, ga dorina da kadoji a tafki, ga manyan kunkuru suna jan jiki a gefen hanya.

Kafin 1971 ba komai a wurin sai farin dutse tsirara, zafi kamar tanda, ruwan ƙasan ma da gishiri-gishiri. A shekarar ne René Haller, masanin noma ɗan Suwizalan da ke aiki da kamfanin, ya fara gwaji. Ya shuka iri 26, uku kacal suka rayu, cikinsu har da Casuarina, bishiya mai ganye siri-siri kamar allura. Sai dai ganyen nata ba ya ruɓewa da wuri. Haller ya lura akwai wata ƙadandoniya mai jajayen ƙafafu da ke cin sa, ya sa aka tattaro su aka zuba a ramin. Kashinsu ya zama taki, takin ya taru ya zama ƙasa a kan dutse, sannan aka dasa itatuwan gida. Ƙadandoniya fa, wadda mu sai dai mu sa tsintsiya mu share!

To ina masu cewa ƙasar da aka haƙa ta mutu ke nan har abada? Wannan magana ta malalata ce, kuma ba wanda take yi wa daɗi sai mai haƙar. Masu cewa gyaran muhalli shagalin ƙoshi ne na Turawa kuwa, su tuna Mombasa ba a Turai take ba. Wai kada a matsa wa kamfani don yana ba da aiki. Bamburi bai rufe ba don ya dasa bishiya, kuɗin shiga ma ake biya a ƙofar wurin.

Mun riga mun san abin da sakaci ke haifarwa. Turawan mulkin mallaka da kamfanoninsu sun kwashe kuza a Filato suka tafi, suka bar kududdufai a Bukur da Barikin Ladi, masu zurfin da har yau suke cin mutane da dabbobi. Gonaki sun salwanta, ba wanda aka riƙe. Haka za mu naɗe hannu a maimaita a mahaƙun siminti na Ashaka da Kalambaina ta jihar Sakkwato da Obajana ta jihar Kogi?

Abin takaicin, doka tana nan. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa gyara wurin da ya ɓata, har ta tanadi asusu domin haka. 'Yan majalisar da suka ɗaga murya kan wanda zai sayi Lafarge, su nemi takardar shirin gyaran kowace mahaƙa a karanta a bainar jama'a. Sarakuna da dagatai su ma su tambaya, tun da ƙasar talakawansu ce ake fasawa. Kuma a fara dashen yanzu a ɓangaren da aka gama haƙa, kamar yadda Haller ya yi alhali injina na ci gaba da aiki a gefensa.