Zara Ce

Ƙarfe takwas na dare ta ɗan gota. Mai Gadi na tsaye a bakin ƙofa, baki sake, ya kafe sama da ido, tocilarsa na haska ƙafarsa. Sai ga Malam da Ɗan Boko sun biyo hanya.

MAI GADI: Allah ya gafarta Malam, ɗan tsaya. Wancan hasken na mene ne?

MALAM: (bai ko ɗaga kai ba) Zara ce.

MAI GADI: Ai ba ka duba ba.

MALAM: Me zan duba? Duk abin da ya fi taurari haske, bai kai wata ba, Zara ce matar wata. Tun ba a haifi wannan yaron ba nake ganinta.

ƊAN BOKO: Malam, gabas Baba yake nunawa. Zara ba ta nisa da rana fiye da digiri 47. Da maraice a yamma take, in ta koma fitowa da asuba a gabas sai a ce Gamzaki. Abu ɗaya ne, suna biyu.

MALAM: To yau ta yi sammako.

ƊAN BOKO: Ƙarfe takwas na dare?

MALAM: Mace ce, yaro. Ka taɓa tsara wa mace lokacin fitowa?

Ɗan Boko ya gyara tabarau. Duk wanda ya san shi ya san in ya taɓa tabarau to lacca ta zo.

ƊAN BOKO: Baba, kwantar da hankalinka. Tashar sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa. Tana can sama kamar kilomita 400, tana zagaya duniya duk minti 90. Ba fitila gare ta ba, hasken rana ne ke dukanta.

MAI GADI: Tana tsayawa ta huta?

ƊAN BOKO: Ina! Cikin 'yan mintuna take ratsa sama ta wuce.

MAI GADI: Wannan ya fi rabin awa a nan. Ni na gaji, shi bai gaji ba.

ƊAN BOKO: To jirgi ne.

MAI GADI: Ɗana, shekarata nawa ina kallon jirage. Ja a fiffiken hagu, kore a na dama, ga farar nan mai ƙiftawa. Wannan ko ƙifta ido bai yi ba.

ƊAN BOKO: Taurarin ɗan'adam na Starlink ke nan. Tun 2019 da aka harba 60 a tashi ɗaya mutane ke firgita.

MAI GADI: Masu tafiya a jere kamar awaki? Na san su. Wannan shi kaɗai ne, ba makiyayi.

MALAM: Kun gama? Zara ce.

Nan Ɗan Boko ya zaro waya, ya buɗe manhajar taurari, ya auna ta sama. Ya juya dama, ya juya hagu, ya girgiza wayar.

ƊAN BOKO: Ko duniyar Mushtari ce... A'a. Manhaja ta ce babu komai a wurin.

MAI GADI: Nuna wa hasken, ko zai ji kunya ya tafi.

ƊAN BOKO: Malam, irin wannan saurin naka shi ya ɓata wa masana lokaci. A 1690 wani masanin taurari na Ingila, John Flamsteed, ya ga duniyar Yuranus, ya rubuta ta a cikin taurari ya wuce. Sai a 1781 William Herschel ya lura tana motsi. Shi ma da farko cewa ya yi tauraro ne mai wutsiya.

MALAM: Shekara 91 ke nan. A tsakanin, wani ya rasa barci?

ƊAN BOKO: Ba wannan ce maganar ba. Kuskuren ta ko'ina yana zuwa. Sojojin Indiya sun yi kusan wata shida, daga 2012 zuwa 2013, suna lura da wasu fitilu a iyakarsu da Sin, sun ɗauka jiragen leƙen asiri ne marasa matuƙa. Da aka kira masana taurari, ashe Mushtari ne da...

MALAM: Da wa?

ƊAN BOKO: (ƙasa-ƙasa) Da Zara.

MALAM: Ɗaga murya, Mai Gadi bai ji ba! Wata shida! Da ni suka tambaya, ko kai ba sai na ɗaga ba.

Bai rufe baki ba hasken ya zame gefe a hankali, ya tsaya, ya dawo inda yake, sannan ya ɗauke ɗif. Ba ƙara, ba hayaƙi. Su ukun suka yi tsit. Malam ya matso kusa da sandar Mai Gadi.

MAI GADI: Malam, Zara na yin haka?

MALAM: Tuntuɓe ta yi.

ƊAN BOKO: Gaskiya... ko Amurka, a rahoton da ta fitar a 2021, cikin abubuwa 144 da aka gani a sama, ɗaya kacal ta iya tantancewa. Balan-balan ce da ta sace.

MAI GADI: Sauran fa?

ƊAN BOKO: Suka ce ba su sani ba.

MAI GADI: Su ba su da maigida. Ni da safe zai buɗe littafin gadi. In na rubuta "ban sani ba" zai ce mafarki na yi a bakin aiki. Me zan sa?

ƊAN BOKO: (ya mai da waya aljihu) Baba, sa Zara kawai.

Mai Gadi ya lashi fensir, ya juya baya don ya dafa littafin a bango. Sai ya tsaya. Can yamma, saman katanga, ga wata tauraruwa fara tas tana shirin faɗuwa.

MAI GADI: Allah ya gafarta Malam, waccan kuma wace ce?

Wannan karon Malam ya ɗaga kai. Ya dubi yamma, ya dubi gabas, ya shafa gemu.

MALAM: Waccan ita ce uwargida. Rubuta: ƙarfe takwas da rabi, wata ya yi amarya.